Nanxiang: Garin da Ake Ƙunshe Romo a Cikin Kwaɓin Fulawa

A arewa maso yammacin birnin Shanghai na ƙasar Sin, cikin gundumar Jiading, akwai wani tsohon gari mai suna Nanxiang, wanda tun bayan da layi na 11 na jirgin ƙasan cikin birni ya isa gare shi a shekarar 2009 ya zama wurin da mutane ke zuwa da hantsi su koma gida kafin magariba. Abin da ke jan su shi ne xiaolongbao, wato ƙananan ƙulli na kwaɓin fulawa da ake cusa wa niƙaƙƙen nama a turara a ɗan kwandon gora, waɗanda suka bambanta da sauran danginsu saboda romo mai zafi da ke kwance a cikinsu.

Labarin da mutanen garin suka riƙe yana danganta wannan abinci ga wani mai sayar da abinci, Huang Mingxian, wanda aka ce a wajajen 1871, zamanin daular Qing, ya rage girman burodin da aka saba turarawa, ya sirance fatarsa, ya kuma ƙara masa nama, domin ya yi fice a tsakanin masu talla a kusa da lambun Guyi. A shekarar 1900 aka buɗe wani shagon xiaolongbao irin na Nanxiang a tsohon tsakiyar Shanghai, daf da lambun Yu, kuma daga nan ne sunan Nanxiang ya bazu. Garuruwa irin su Changzhou da Kaifeng su ma suna da nasu nau'in da nasu da'awar asali, sai dai a 2014 hukumomin Sin sun sanya dabarar Nanxiang cikin jerin al'adun gado na ƙasa.

Tambayar da ke fara zuwa wa baƙo ita ce yadda ruwa ya shiga cikin kwaɓi ba tare da ya jiƙa shi ba, kuma amsar tana cikin abin da duk wanda ya taɓa barin romon ƙafar saniya ya kwana a sanyin hunturu ya sani. Idan aka daɗe ana tafasa fata da ƙashi, sinadarin da ke haɗa tsoka da gaɓoɓi yakan narke cikin ruwan, sa'annan idan ya huce sai ya daskare. Masu girkin sukan daddatsa wannan daskararren romo su cuɗa shi da naman, don haka lokacin naɗi babu ruwa ko kaɗan a hannunsu. Zafin tururi ne ke sake narkar da shi bayan an riga an rufe bakin ƙullin. Nan ne gwanintar take, domin fatar tana bukatar sirancin da ba za ta danne ɗanɗanon nama ba, da ƙarfin da ba za ta fashe ba idan aka ɗaga ta, kuma akan tattare bakinta da yatsu cikin ninki goma sha huɗu ko fiye kafin a murɗe.

Cin sa ma yana da ƙa'ida, saboda wanda ya yi garajen jefa shi baki zai ƙone harshe. Akan ɗauko shi a hankali da tsinkayen cin abinci, a ɗora a cokali, a ɗan ɓula gefensa a zuƙe romon, sa'annan a tsoma sauran cikin baƙin ruwan khal mai haɗe da siraran yankan citta, wanda ke karya maiƙon. Da kaka kuwa, lokacin da ƙaguwar tafkunan yankin ta yi ƙiba, akan haɗa ƙwanta da naman. Ya kamata mai karatu Musulmi ya san cewa na asali da naman alade da fatarsa ake yin sa, ko da yake dabarar tana aiki da kaza, kamar yadda rassan gidan abincin Din Tai Fung na Taiwan suke yi a Dubai.

Bayan an ci, ragowar yinin yakan tafi ne a lambun Guyi, wanda aka kafa a zamanin daular Ming, da tsohon titin garin inda tagwayen hasumiyoyin bulo masu shekaru kusan dubu suke tsaye har yau. Yanzu ana samun xiaolongbao a daskare cikin shagunan ƙasashe da dama, amma da yake fatarsa takan fara bushewa kuma romon ya fara kamewa mintoci kaɗan bayan an sauke kwandon, shagunan Nanxiang da ke naɗewa a gaban mai saye su turara nan take suna da hujjar da ta sa har gobe ake biyan kuɗin jirgi domin a je a ci a can.