Kiɗan Rege da Harshen Jamaika a Ƙasashen Baƙunci

Rege kiɗa ne wanda ya samo asali a tsibirin Jamaika, inda akasarin mutane jikokin bayi ne waɗanda Turawa suka kwaso daga Afirka don noman rake. Kafinsa akwai kiɗan karkara mai suna mento, sa'an nan dab da samun mulkin kai a 1962 aka sami ska mai saurin tafiya. Wajen 1966 makaɗa suka sassauta ska ya zama rocksteady, kana a 1968 sunan rege ya fito a wani faifai na ƙungiyar Toots and the Maytals.

Saƙon waƙoƙin kuwa ya jiɓinci aƙidar Rastafari, wadda ta tsiro bayan naɗa Haile Selassie Sarkin Habasha a 1930, ta kuma ɗebo daga kiran Marcus Garvey na baƙar fata su waiwayi Afirka. A bakin mawaƙan, Babila na nufin duk wani tsarin zalunci, Sihiyona kuwa Afirka ce, watau gidan da aka raba su da shi.

Tun daga 1948, lokacin da jirgin ruwa Empire Windrush ya sauke ɗaruruwan 'yan ci-rani a Ingila, mutanen Jamaika suka yi ta kwarara can neman aiki. Da yake sau da yawa ana hana baƙar fata shiga gidajen rawa, sai suka riƙa kafa manyan lasifikoki a gidajensu suna saka faifan gida. A irin waɗannan tarurruka ne 'ya'yan da aka haifa a Landan da Bamingam suka riƙe Patwa, harshen iyayensu, wanda makaranta ke ɗauka gurɓataccen Turanci. Alhali kuwa harshe ne mai nasa nahawu, da kalmomin Afirka irin su unu, watau “ku”, daga Ibo, da nyam, watau “ci”, mai kama da ta Fulatanci. Linton Kwesi Johnson ya rubuta waƙoƙi da shi kan cin zarafin da 'yan sanda ke yi wa samari baƙar fata. A Amurka ma, Kool Herc, haifaffen Jamaika, da irin waɗannan lasifikoki ya shirya wasan 1973 a unguwar Bronx, wanda ake ɗauka mafarin hip-hop.

Daga bisani kiɗan ya komo Afirka. Bob Marley ya yi wasa a bikin 'yancin Zimbabuwe a 1980, Alpha Blondy kuma ya rera rege da harshen Jula. A 2018 hukumar UNESCO ta shigar da shi cikin al'adun duniya da suka cancanci adanawa. Abin lura ga manazarta harshe shi ne, Patwa bai sami gurbi a aji ko a kotu ba lokacin da waƙa ta ɗauke shi, amma ta bakin mawaƙa ya tsira a baƙunci har ya kai ga jikoki.