Eriyar Talabijin ta Gida: Awo Shi Ne Sirrinta

Duk wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Tsafe, ko ya ratsa Wanke da ƙauyukan Bungudu, ba zai rasa ganin dogayen gorori a kan soraye ba, kowanne ɗauke da 'yan sandunan ƙarfe. Wasu magidanta kan kashe kuɗi su sayo eriya a kasuwa, amma hoto ya ci gaba da dishi-dishi. Sau da yawa laifin na awo ne, kuma ɗalibin sakandare zai iya gyara shi da rula da zarto.

Tashar talabijin tana aiko da hoto ne a kan igiyoyin rediyo, masu gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Kowace igiya tana da tsawonta. Manya za su tuna yadda Rediyon Tarayya na Kaduna ya daɗe yana sanar da cewa yana kan mita 49, gajeren zango. Wannan mita 49 ɗin tsawon igiyarsa ke nan. Ana samun sa ne idan aka raba 300 da yawan kaɗawar igiyar a ma'aunin megahaz, wato sau miliyan nawa take kaɗawa a daƙiƙa. Ta Kaduna 6.09 ce, raba ka gani.

Eriya ta fi kama igiya idan tsawon sandarta ya kusa rabin tsawon igiyar. Mu ɗauki tashar da ke kan megahaz 200. Igiyarta mita 1.5 ce, rabinta santimita 75. A rage kashi 5 cikin ɗari, ya zama kimanin 71. Tasha mai megahaz 600 kuwa santimita 24 kawai take buƙata. Saboda haka aikin farko shi ne a duba lambar tashar a jikin talabijin ko dikoda.

Samfurin da aka fi gani a kan soraye shi ne wanda Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi suka ƙirƙiro a Jami'ar Tohoku ta ƙasar Japan a shekarar 1926. A nemi busasshen katako da kakkaurar wayar jan ƙarfe ko ta alminiyam. Sandar da aka auna a raba ta biyu, a ɗaura su a kan katakon ba tare da sun taɓa juna ba. Zuciyar wayar talabijin a haɗa ta da ɓari ɗaya, saƙar da ke kewaye da ita kuma da ɗayan. A bayanta a sa sandar da ta fi ta tsawo da kashi 5 cikin ɗari, domin ta maido da igiyar da ta wuce. A gabanta a jera uku da suka gaza ta da kamar haka. Tazarar tsakaninsu ta zama kashi ɗaya cikin biyar na tsawon igiyar. Gajerun sandunan su ne za su fuskanci tasha.

Waɗannan igiyoyi kusan a miƙe suke tafiya, don haka dutse irin na Kwatarkwashi kan tare su. Gidan da ke bayan dutse sai ya ƙara tsawon gora, ya riƙa juya ta sannu a hankali har hoto ya washe.

Sai dai a yi hattara ƙwarai. Kada a kafa gora inda za ta iya faɗawa kan wayar lantarki, domin hakan na kisa nan take. Da damina kuma, da zarar hadari ya taso a cire wayar daga jikin talabijin, saboda tsawa ta fi faɗawa kan abu mai tsawo.

Muna kira ga malaman kimiyya da su raba ɗalibai rukuni biyu: ɗaya ya yanka sanduna bisa lissafi, ɗaya bisa kintace, sannan a gwada su a kan talabijin guda.