Kafin mota ta shiga filin tsere

A Faransa, wasu ranaku akan buɗe wa masu sha'awa filin tsere na Bugatti, a garin Le Mans, kowa da motarsa ta zuwa aiki. Sabon shiga inji yake fara dubawa, alhali birki ne abin tsoro. Man birki yana shan laima in ya daɗe: irin DOT 4, sabo, yana jure digiri 230, amma wanda ya sha ruwa kan tafasa wajen 155. In ya tafasa, direba ya taka har ƙasa, mota ba ta tsaya ba. Saboda haka a juye tsohon, a zuba sabo tun gida. Iskar taya kuwa ƙaruwa take da zafi. A sake aunawa bayan ƴan zagaye.