Na'ura mai sansano mugunyar iska

Lokacin ɗari, a Gure, wasu mutane sukan shigar da garwashin gawayi cikin ɗaki, su rufe ƙofa. Garwashin yana fitar da wata iska marar launi, marar wari. Tana kashe mutum cikin barcinsa.

Masana suna ƙera na'urori masu gane irin wannan iska. A shekarar 2004, a Mancesta ta ƙasar Ingila, Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ɓanɓaro wani falle daga baƙin abin da ke cikin fensir. Sunansa girafin. Sai an jera falle wajen miliyan 3 kafin kaurinsu ya kai milimita 1. In iskar ta taɓa fallen, gudun lantarki a cikinsa sai ya sake, na'ura ta nuna lamba.

Amma na'ura kamar sikelin kasuwa take, sai an daidaita ta. Da farko a sa ta cikin iska mai tsabta, a tsai da ita kan sifiri. Sannan a ba ta iskar da aka san yawanta, a gyara lambar. Zafi da laima suna rikita ta, don haka ake sake gwada ta lokaci-lokaci. Wadda ba a daidaita ba tana iya yin shiru ranar haɗari.