Jarfa, Tsaga da Baƙin Lalle: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin a Miƙa Fata

Jarfa ita ce zanen da ake yi wa jiki ta hanyar huda fata ko tsaga ta, a cusa launi a ciki yadda ruwa da sabulu ba za su fitar da shi ba. Matasan yau sun fi kiranta tatu, sunan da ya iso ta bakin Turawa, su ma kuma a tsibirin Tahiti suka tsince shi lokacin tafiyar Kyaftin James Cook a 1769. Aikin ya girmi sunan nesa ba kusa ba. Gawar wani mutum da aka samu cikin ƙanƙara a kan iyakar Italiya da Ostiriya a 1991, wanda ya rayu kimanin shekara 5,300 da suka wuce, tana ɗauke da zane 61.

A ƙasar Hausa sana'ar ta wanzami ce. A zabirarsa akwai aska da ƙaho da 'yar tsaga, kuma da su yake fitar da tsaga iri uku. Akwai ta gado, wadda ke nuna asali, shi ya sa a da ake gane Bagobiri tun bai buɗe baki ba. Akwai ta magani. Akwai kuma ta ado, irin su kalangu da 'yar baka, wadda 'yan mata ke zuwa da ƙafarsu a yi musu, a goga baƙin tukunya a kan tsagar don ta fito raɗau. Wannan ta ƙarshen ita ce jarfa ta ainihi, kuma bambancinta da ta zamani bai wuce na kayan aiki ba. Injin lantarkin da ake yi da shi yanzu, Samuel O'Reilly ne ya yi masa rajista a birnin New York a 1891.

Samaru da Sabon Garin Zariya wurare ne da tsohon yayi da sabo suke gogayya. Sabon Gari ya tashi ne da zuwan jirgin ƙasa a farkon ƙarni na 20, ya tara ƙabilu da addinai. Samaru kuwa, tun da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 take karɓar matasa daga kowace kusurwa ta Najeriya. Wanzami bai ɓace ba, mai ƙunshi kasuwarta na ci, ga kuma saurayin da ya ga zane a dantsen ɗan ƙwallo yana sha'awa.

Dalilin da ya sa jarfa ba ta gogewa yana cikin ginin fata. Fatar sama kullum saɓulewa take yi, sabuwa na maye gurbinta cikin kamar wata guda. Allurar jarfa tana ratsa wannan, ta sauke tawada a fatar da ke ƙasa, zurfin milimita 1 zuwa 2, inda ƙananan jijiyoyin jini suke. Ke nan kowane zane rauni ne da aka buɗe da gangan, sau dubbai, kuma duk abin da ke bakin allura ya sami ƙofar shiga jini.

A nan babban haɗarin yake. Binciken ƙasa na NAIIS da aka gudanar a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kashi 1.1 kuma nau'in C. Wato a cikin mutum goma sha biyu, kusan ɗaya yana da nau'in B, kuma akasarinsu ba su sani ba, domin cutar takan yi shekaru tana cin hanta shiru. Mutane sun fi tsoron ƙanjamau, alhali ƙwayar ciwon hanta nau'in B ta fi ta saurin kamu sau 50 zuwa 100, kuma tana iya rayuwa a busasshen jini a jikin ƙarfe aƙalla kwana 7. Goge aska da tsumma, ko tsoma ta a ruwan zafi, ko shafa mata ɗan sifirit, ba ya wadatarwa.

Saboda haka wanda zai bari a huda jikinsa, idonsa ya kamata ya fara aiki kafin allura. Allurar ta zama sabuwa fil, a yage ledarta a gabansa, a jefar da ita bayan an gama. Tawadar a tsiyaya a ɗan ƙaramin murfi na mutum ɗaya, abin da ya rage a zubar. Wannan ne wurin da aka fi sakaci, domin sabuwar allura ba ta da amfani in an tsoma ta a kwalbar da allurar wani ta shiga. Mai zanen ya wanke hannu, ya sa sabuwar safar hannu. Ƙarafan da ake maimaita amfani da su kuwa sai an dafa su a tukunyar tururi irin ta asibiti, mai kai zafin digiri 121. Zanen da aboki ya yi wa aboki a ɗakin kwana da allurar ɗinki da tawadar biro ba ƙarfin hali ba ne, ganganci ne. Duk wannan ƙa'ida ta hau kan wanzami mai ƙaho, da mai hujin kunne, da mai yankan farce da ke yawo a kasuwa. Wanzamin da ya koma amfani da sabuwar reza ga kowane mutum bai rage wa sana'ar gado daraja ba, ya ƙara mata ne. Rigakafin ciwon hanta nau'in B allura uku ce cikin wata 6, kuma sai a 2004 aka sa ta cikin rigakafin yara a Najeriya, don haka wanda aka haifa kafin nan ya kamata ya je a gwada shi, a yi masa.

Bayan an gama, raunin yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin samansa ya warke. A wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu marar ƙarfi, a bar shi ya bushe, kada a sosa, kada a ɓamɓare ɓawon. Ja ko kumburin da ke ƙaruwa, ko mugunya, ko zazzaɓi, alama ce ta a nufi asibiti ba tare da jinkiri ba, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika bai yi wa Samaru nisa ba. Akwai kuma matsalar da ta fi samun baƙar fata: tabon da ke tsiro ya yi tudu, ya zarce iyakar raunin, yana ƙaiƙayi. Duk wanda hujin kunne ko ƙurji ya taɓa bar masa irin wannan tabo, ya haƙura da jarfa gaba ɗaya, haka ma mai ciki da mai ciwon sukarin da bai daidaita ba.

Lafiya ba ita kaɗai ake dubawa ba. Jumhurin malaman Musulunci sun haramta jarfa, bisa hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, kuma Kiristoci da dama suna kafa hujja da Littafin Firistoci 19:28 wajen ƙin ta. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003, a sashe na 24, ta hana yi wa yaro jarfa ko tsaga, da tarar da ba ta wuce naira 5,000 ba, ko ɗaurin wata ɗaya, ko duka biyun. Sannan ga batun aiki, wanda ya shafi Zariya kai tsaye, garin da Defot ɗin horar da kuratan soja yake tun 1924: sanarwar ɗaukar soja takan gindaya sharaɗin kada mai nema ya kasance da zanen tawada a jiki. Goge zane da hasken leza yana cin zama da yawa da kuɗi mai yawa, kuma a baƙar fata yakan bar farin tabo.

Wannan ya sa da yawa suke ganin lalle shi ne mafita, kuma haka ne, muddin lallen gaskiya ne. Ganyen lalle yana rina fatar sama kawai, ya ba da ja ko ja mai duhu, ya dusashe cikin mako 2 ko 3. Ganyen lalle ba ya ba da baƙi wuluk cikin rabin awa. Abin da ke yin haka shi ne dayis, wato rinin gashi mai sinadarin PPD, wanda Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ba ta yarda a ɗora shi kan fata ba. Illarsa ba ta fitowa nan take. Sai bayan kwanaki, wani lokaci har mako 2, zanen ya kumbura, ya ɗuro ruwa daidai da siffar furen da aka zana, biki ya watse amarya na jinyar hannu. Wadda jikinta ya taɓa ƙin PPD, ƙin ya zauna ke nan har abada, kuma ko rinin gashi ta shafa nan gaba abin yana iya tashi fiye da na farko. Jarirai kuwa ko jan lalle bai dace da su ba, domin yana iya farfasa ƙwayoyin jinin yaron da aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD, larurar da ta yawaita a Najeriya, musamman ga yara maza.

Mai zuwa ƙunshi tana da haƙƙin tambayar abin da aka kwaɓa, mai ƙunshi kuma nauyi ne a kanta ta faɗi gaskiya. Idan kwaɓin baƙi ne kamar kwalli kuma an ce zai kama cikin 'yan mintuna, a janye hannu, a nemi jan lalle.