Ɗaya Cikin Huɗu, Har Sau Biyu

A 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da UNICEF sun binciki cin zarafin yara a Nijeriya. Suka gano cewa yarinya ɗaya cikin huɗu an keta mata haddi kafin ta cika shekara 18, kuma waɗanda suka samu taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba.

Bayan shekara huɗu, binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da UNODC kan shaye-shaye ya ƙiyasta masu shan kayan maye miliyan 14.3 a faɗin ƙasa. A lokacin, Jihar Kano kaɗai tana da kimanin 1,070,000, wato kashi 16 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64. A wannan binciken ma, ɗaya cikin huɗu na masu sha a faɗin ƙasa mace ce, amma a cibiyoyin jinya mata kusan ɗaya ne cikin ashirin. In aka ɗora rabon ƙasa a kan Kano, ana maganar mata sama da dubu 260.

Binciken biyu ba su ce matan nan su ne waɗancan ba. Sai dai likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da sanin cewa wadda aka yi wa fyaɗe takan nemi abin da zai sa ta barci. A Kura da Bunkure da ke Jihar Kano, abin nan ba giya ba ne; kodin ne a cikin robar lemo, ko tiramol a ƙullin gyale. Kodin ɗin ma shi ne kayan mayen da mata suka kamo maza a shansa, ko da yake gwamnati ta hana sarrafa shi tun Mayun 2018.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tazarar. Ɗalibar da mahaifiyarta ke turara shinkafa a Kura don biya mata kuɗin makaranta a Sa'adatu Rimi, in abu ya same ta, sai ta shiga mota zuwa cibiyar Waraka mai kula da waɗanda aka keta wa haddi, da ke Asibitin Murtala a cikin birni. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau kuwa cikin awa 72 ake fara shi. Kwana ukun nan galibi a "rufa mana asiri" suke ƙarewa, kafin a yanke shawarar wa zai raka ta, kuma me za a ce wa maƙwabta.