Zane a Kwamfuta da Shaidar Mallaka ta NFT

Gabatarwa

Ƙasar Tsohon Birnin Gwari ta daɗe da yin suna wajen haƙar zinariya, kuma kowa ya san abin da ya ba zinariya daraja shi ne ƙarancinta. Hoton da aka zana a kwamfuta kuwa ba haka yake ba, domin ana iya kwafarsa sau dubu cikin ƙiftawar ido, kuma ba mai iya bambanta na farko da na ƙarshe. To, ta yaya mai irin wannan zane zai ci guminsa? Wannan maƙala za ta duba wata hanya da aka ɓullo da ita, wato NFT.

Mene ne NFT?

Idan ka ranta wa abokinka naira dubu, ba dole ne ya mayar maka da ainihin takardar da ka ba shi ba, kowace naira dubu ta wadatar. Amma gonar gado ba a musanya ta da wata a ce duk ɗaya ne. NFT taƙaitawa ce ta wasu kalmomin Ingilishi masu nufin shaidar da ba ta da madadi.

Ana rubuta wannan shaida a wani kundi da ke ajiye a dubban kwamfutoci a lokaci guda. Kowane shafi na kundin yana ɗauke da lambar da aka lissafo daga shafin da ya gabace shi, kamar zoben sarƙa. Duk wanda ya taɓa tsohon shafi, lambobin da ke biye ba za su yi daidai ba, sai sauran kwamfutocin su ƙi amincewa. Kundin da masu zane suka fi amfani da shi shi ne Ethereum, wanda ya fara aiki a 2015.

A lura: galibi ba hoton ne ke cikin kundin ba, sai dai bayanin wanda ya yi shi, da wanda ya saya, da inda aka ajiye shi. Haka kuma sayen shaidar bai mallaka wa mutum haƙƙin bugawa ba, sai in mai zanen ya yarje masa.

Misali daga Nijeriya

Osinachi, haifaffen Aba a 1991, ya koya wa kansa zane da Microsoft Word, manhajar da aka yi don buga rubutu. Yakan harhaɗa siffofi da layuka da launukan da ke cikinta sannu a hankali, har su zama hoton mutum. Ya shiga wannan harka a 2017. A watan Oktoba na 2021 kamfanin gwanjo na Christie's ya sa ayyukansa a kasuwa a Landan. A watan Maris na shekarar ne kamfanin ya sayar da aikin wani Ba'amurke mai laƙabin Beeple a kan dala miliyan 69.

Darasin a nan shi ne, ba tsadar kayan aiki ke yin gwani ba, naci ne da yawan gwaji.

Amfanin Jama'a

Shaida kaɗai ba ta sayar da zane. Masu zane da masu saye kan haɗu a dandalin intanet irin su Discord da X, wanda a da ake kira Twitter. A nan ake koya wa sabon shiga, a yi masa gyara, a tallata aikinsa, a kuma tona asirin ɓarayin zane. Tsarin ya yi kama da na majema da maɗinka, inda yaro kan tashi a gaban maigida, jama'ar sana'a su shaide shi kafin kasuwa ta karɓe shi.

Matsaloli

Kasuwar ta faɗi warwas a 2022, mutane da yawa suka yi asara. La'adar da ake ba mai zane duk lokacin da aka sake sayar da aikinsa ma wasu kasuwanni sun mayar da ita ganin dama. A gida kuwa, Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna hulɗa da kuɗin kirifto a Fabrairun 2021, sai a Disambar 2023 ya janye hanin. Ga kuma ƙarancin lantarki da layin sadarwa. Mutanen Birnin Gwari sun ɗanɗana wannan a 2021, lokacin da aka katse layukan waya a wasu sassan Jihar Kaduna saboda tsaro.

Kammalawa

Ɗalibin da ke Birnin Gwari yana da abin zanawa wanda na Landan ba shi da shi: itatuwa da tsuntsayen dajin Kamuku, wanda ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, da gine-ginen gargajiya, da adon tufafi. Shawararmu ga malamai ita ce su fara da koyar da zanen kansa, da adana aiki tare da kwanan wata, da sanin haƙƙin mallaka. Ɗalibi kuma kada ya zuba kuɗin makarantarsa a kasuwar da ba ta da tabbas. Kasuwa takan tashi ta faɗi, amma gwanintar hannu tana nan tare da mai ita.